Cindo Ya Je Buɗe Ido a Kolon

A Garin Ɓaure akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Yana zaune da matarsa Tasalla da mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna. Cindo ba shi da mugunta ko kaɗan, ga ƙarfi, ga son mutane. Matsalarsa ɗaya ce: yadda aka faɗi magana, haka yake ɗaukarta. Tasalla ta taɓa ce masa ya je ya sa baki a rigimar maƙwabta, sai ya je ya cusa bakinsa ta kafar zana, ya tsaya a haka har aka gama faɗan.

Yana da ƙane, Sallau, mai gyaran injina a birnin Kolon na ƙasar Jamus. Da cikin matar Sallau, Barira, ya tsufa, sai suka nemi wani babba daga gida ya zo ya ga suna. Inna ba ta iya doguwar tafiya, don haka ta ce Cindo zai wakilce ta. Da aka gaya wa Sallau a waya, ya ce to, Allah ya kawo shi lafiya.

Wata rana, bayan Cindo ya sauka ya huta gajiya, Sallau ya ce masa ya shirya, za su fita yawon buɗe ido. Suka shiga jirgin ƙasa, suka sauka a gaban wata tsohuwar majami'a mai hasumiya biyu, wadda sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshenta. Filin cike da jama'a, masu kiɗa na yi, masu hoto na yi. Shi kuwa Cindo tun daga ƙofar gida ya ware idanunsa, ya ƙi ƙiftawa. Iska mai sanyi ta yi ta dukansu har suka yi ja, hawaye ya jiƙa masa gemu. Wata tsohuwa Bajamushiya ta matso ta miƙa masa hankici, ta ce a garin aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin wanda ginin ya taɓa wa zuciya haka ba. Sallau ya fassara, sannan ya tambayi yayansa abin da ya sa shi kuka.

Cindo ya ce, "Ba kuka nake ba. Kai ka ce buɗe ido. Ka tambaye su ko ƙarfe nawa ake rufewa."

Wata rana kuma Sallau zai tafi aiki, Cindo ya ce shi ma zai zaga unguwa. Sallau ya sa masa waya a aljihu, ya ja masa kunne cewa a nan ba a tsallaka titi sai an ga ɗan koren mutum. Yana nufin hoton da yake fitowa a jikin fitilar hanya. Cindo ya je bakin titi ya tsaya. Fitila ta yi ja, ta yi kore, mutane suna wucewa suna dawowa, shi yana nan yana dubawa. Can sai ga wani gajeren mutum cikin koren kayan aiki, yana tura keken shara. Cindo ya yi hamdala, ya bi bayansa. Duk titin da mutumin ya tsallaka, ya tsallaka. Da ya ga ba kyau babba ya riƙa bin mai aiki hannu sake, sai ya zare tsintsiya ɗaya daga keken ya kama shara. Haka suka share tsohuwar kasuwa, da layin masu turare, da bakin kogi inda jiragen ruwa suke tsayawa. Ba mai jin yaren wani, amma sun raba burodi. Da yamma Sallau ya kira hankali tashe, mai sharar ya karɓi wayar ya kwatanta masa inda suke. A hanyar gida Cindo ya yi ta ba ƙanensa labarin lungunan da shi Sallau bai taɓa takawa ba duk daɗewarsa a garin.

Wata rana likita ta ce Barira ta riƙa ɗan tattaki, sai suka fita su uku zuwa wata gada ta ƙarfe a kan kogin. Jikin gadar duk kwaɗuna ne, manya da ƙanana, an garƙame su. Barira ta yi wa Cindo bayani cewa a nan duk wanda yake son matarsa da gaske, mukulli yake jefawa a ruwa. Cindo ya jinjina kai. A lokacin Sallau ya ba shi riƙon rigar sanyinsa yana ɗaukar hoto. Cindo ya laluba aljihun rigar, ya ciro damin mukullai, na gida da na wurin aiki da na keke, ya wurga su tsakiyar kogi.

Ya ce, "Na san kana sonta, kunya ce ta hana ka. Na yi maka."

Sallau ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Barira ta yi ta dariya har ta riƙe ƙugu, daga nan kuma dariyar ta koma naƙuda. Kafin mai gyaran ƙofa ya buɗe musu gida, ta haifi 'ya mace a asibiti.

Wata rana, wato ranar suna, gida ya cika da Hausawan Kolon da na garuruwan kusa. Su Sallau a hawa na can sama suke. A ƙasa kuwa akwai wani tsoho mai suna Ditmar, wanda ya sha kai ƙararsu wurin mai gida saboda hayaniya, har an gargaɗe su cewa in aka sake, sai su nemi wani wurin. Ana tsakiyar rabon waina sai aka ji sanda tana dukan ƙarfen bene, tsohon yana ta faɗa. Sallau yana tare da liman, ba halin tashi. Ya raɗa wa Cindo cewa ya sauka ya lallashe shi, kada ya yi masa musu.

"Yaya, don Allah ka ɗauke shi kamar Babanmu."

Cindo ya san yadda yake ɗaukar Babansu a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ƙafafunsa suka gaza. Ya sauka, ya gaida tsohon, ya juya ya durƙusa, ya saɓa shi a baya. Ditmar yana ihu yana bugunsa da sanda, Cindo yana cewa, "Sannu Baba, mun kusa," har suka iso sama. Barira ta rungume jaririyarta, Sallau ya fara tunanin inda za su kai kayansu.

Cindo ya ta da wani saurayi daga kujerar bakin taga, ya ajiye tsohon, ya gyara masa matashi. Ditmar ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai idonsa ya faɗa waje. Daga nan ana hango kogin gaba ɗaya, da gadar, da hasumiyoyin nan biyu rana tana haska su. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gaya wa Sallau a hankali cewa tun da gwiwoyinsa suka lalace bai sake ganin kogin ba. Tagarsa bango take kallo, abin da yake samu daga duniya kawai shi ne ƙarar takun mutane a saman kansa.

Aka kawo masa waina da miya, ya ci. Aka ɗora masa jaririya a cinya, ya tambayi sunanta, ya yi ta gwada faɗin Ramlatu har ya iya. Da taro ya watse, ya ɗaga sanda ya nuna Cindo, ya yi wata magana.

Cindo ya tambayi Sallau abin da ya ce.

"Wai gobe ƙarfe nawa za ka zo ka ɗauke shi."