Yadda Tattabaruna Suka Shiga Taron Iyaye

Ko zan shekara ɗari ina koyarwa, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da aka yi taron iyayen yara a makarantarmu. Har yau idan abin ya faɗo min a rai ina cikin cin abinci, sai na ajiye lomar na yi salati tukuna.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Tambuwal. Ba babba ba ce, amma muna da ɗakunan kwana, don haka ana kawo mana yara daga Jabo da Dogon Daji, har Kebbe da ƙauyukanta. Da yake ni kaɗai na san inda ake bubbuga firinta idan ta yi gardama, sai aka laƙaba min Injiniya. (Ban taɓa karanta injiniyanci ba. Ban kuma taɓa hana kowa kirana da sunan ba.) Bayan koyarwa ina da wata sana'a a gida: kiwon tattabaru. Har ɗan shafi na buɗe musu a intanet, na sa hotunansu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayanin halinsa, saboda ba na son in sayar wa mutum tsuntsu ya dawo yana min ƙorafi.

Makarantar ma tana da shafinta, kuma ni ke kula da shi. Kamfanin da ke ajiye mana shafin ya fara ba mu wahala: duk ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ranar ce shafin zai ƙi buɗewa. Shugaban makaranta, dattijo ne mai son tsari wanda ko gaisuwa ba ya tsawaitawa, ya kira ni ofis ya ce a nemi wani kamfanin. Na nema, na kwashe komai na mayar can. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na ƙara da kwalliya, na sake wa shafukan tsari da sunaye.

To a nan matsala take. Tsofaffin adireshin suna cikin wayoyin iyaye, suna jikin kalandar da muka raba, kuma duk wanda ya danna su yanzu ba zai tarar da komai ba. Maganin abin shi ne a rubuta wa kowane tsohon adireshi layi ɗaya da zai juya mai ziyara zuwa sabon, kamar ɗan kasuwar da ya canza rumfa ya bar sallahu wurin maƙwabci. Lambar wannan umarni 301, ma'anarta an tashi ke nan, ba dawowa.

Ban taɓa yi ba. Sai na ce bari in gwada da layi ɗaya in gani. Na ɗauki tsohon adireshin shafin malamai, wanda ke ɗauke da hotunanmu da takardun karatunmu, na juya shi zuwa adireshin da na haddace ko cikin barci, wato na tattabaruna. Na danna. Sai ga su! Daɗi ya kama ni har na tafa wa kaina. Na kwafi layin na jera sauran shafukan, na sakamako, na neman gurbi, na hutu, kowanne na kai shi gidansa daidai. Layin farko kuwa, na ce zan dawo kansa bayan sallar Azahar.

Na yi sallar. Ban dawo ba.

Ana gobe taro Shugaba ya tare ni a baranda.

"Injiniya, ka tabbata komi ya yi daidai? Gobe nika son nuna ma iyaye shafin ga."

"Ranka shi daɗe, ko ido rufe ka danna sai ka isa inda za ka."

(Ka ji baki. Da na tsaya a "in sha Allah" kamar kowa, da ko kunyar ta ragu.)

Washegari da hantsi babban ɗakin taro ya cika. Maza a dama, mata a hagu, malamai a gaba cikin manyan riguna. Mai makarantar da kansa ya zo, yana zaune kusa da Shugaba. Na kafa majigi, na haɗa shi da kwamfutar Shugaba, na koma na tsaya gefe hannu a baya, a inda kowa zai iya ganin wanda ya yi aikin.

Da farko komai ya tafi sumul. Aka nuna shafin sakamako ya buɗe nan take, iyaye suka yi kabbara. Aka nuna hoton sabon ɗakin karatu. Har mai makaranta ya waiwayo ya gyaɗa min kai, na ji kamar an ƙara min tsawo.

Sai Shugaba ya gyara murya. "Jama'a, yanzu za ku ga mutanen da kunka damƙa ma amanar ɗiyanku. Na tura adireshin a guruf ɗin iyaye, mai waya shi buɗe shi gani da idonai. Ku dube su da kyau, ɗaya bayan ɗaya munka zaɓo su."

Tsohon adireshin ya tura, wanda ke ajiye a kwamfutarsa tun bara. Ya danna.

Bango ya cika da hoton wani namijin tattabara fari, ya kumbura ƙirji yana kallon jama'a a kaikaice. A samansa, da manyan baƙaƙen da ni na rubuta da hannuna: DUK NA SAYARWA NE. A ZO DA KEJI.

Shugaba bai waiwayi bango ba, takardar jawabinsa yake kallo, yatsansa kuma yana ta gangara da shafin a hankali yadda na koya masa, don iyaye su samu damar karantawa. Suka kuwa karanta. Na farko: "Tsoho ne, amma yana nan da ƙwarinsa. Yana yawan gyangyaɗi da rana." Na biyu: "Wannan ya cika faɗa, kullum cikin tsattsage 'yan ƙanana yake. Duk wanda ya taya na sallama." Na uku: "Ba ya zama gida, sai lokacin cin abinci ake ganinsa."

Ban san wa ya fara ba, amma daga ɓangaren mata dariyar ta ɓalle. Abin da ya kashe ni shi ne yadda idanu suka riƙa tafiya daga bango zuwa layin malamai. Muna da Malam Sambo, malamin lissafi, wanda ya girme mu duka, kuma a daidai lokacin (Allah shi ne shaida) gyangyaɗi yake. Muna da malamin horo, wanda yara ke jin takunsa su watse. Ba wanda ya ambaci suna, ba a ma buƙata.

Wani dattijo daga Fakku, mai jikoki biyu a wurinmu, ya ɗaga sandarsa.

"Shugaba, gafara dai. Wane na malamin lissafi cikinsu?"

Nan ne Shugaba ya juya ya ga bango. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya kalle ni, ya ce, "Injiniya." Ban taɓa jin sunan ya yi min nauyi kamar ranar ba.

Na ruga ofis, gumi har cikin takalmi. Minti biyar bai cika ba na gano layin, na gyara shi, na dawo da gudu. A nan ya kamata in sunkuya in raɗa wa Shugaba a kunne. Ina! Sai na karɓi lasifika.

"Iyaye, ku yi haƙuri, 'yar matsala ce ta na'ura, kuma na gyara. Ranka shi daɗe, a sake dannawa."

Ya danna. Farin tattabaran nan ya dawo, ƙirji a kumbure, kamar ya san shi ake jira.

Abin da ban sani ba sai daga baya: idan ka ce wa waya ko kwamfuta an tashi ba dawowa, ta yarda da kai ke nan. Tana riƙe maganar a cikinta, gobe ba ta ƙara tambaya, kai tsaye take wucewa. Gyarana ya yi, amma sai ga wanda bai taɓa dannawa ba. Kwamfutar Shugaba da duk wayar da aka buɗe a ɗakin nan sun riga sun haddace cewa malaman makarantarmu a keji suke kwana.

Wannan karon har mai makaranta sai da ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Malam Sambo ya farka yana tambayar na kusa da shi, "Mi anka yi?"

Shugaba ya sa aka kashe majigi, ya ce malamai su miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya a gan su ido da ido. Ana gab da tashi ya kira ni ofis. Na shiga ina jiran takardar sallama, har na fara tunanin abin da zan gaya wa maiɗakina. Ya ce in ɗauki kujera in zauna bakin ƙofa, duk wanda zai fita cikin iyaye in karɓi wayarsa in goge mata abin da ta haddace, in kuma ba shi haƙuri da bakina. Litinin kuma in bi malamai ɗaya bayan ɗaya.

Haka na zauna har La'asar, ina karɓar wayoyi masu fasasshen gilashi ina cewa "a yi haƙuri, Alhaji", "a gafarce ni, Hajiya". Wata uwa daga Jabo ta miƙo tata tana share hawayen dariya, ta ce tunda take zuwa taron iyaye ba ta taɓa jin daɗinsa irin na yau ba. Dattijon Fakku kuwa ya ƙi ba ni tasa.

"Bar min abina, Malam. Wancan mai faɗan nika so. Shirwa ta dame ni."

Na ce masa tattabara ba ta korar shirwa. Ya ce shi dai in ajiye masa, ran kasuwa zai aiko.

Malamin horo ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata. Malam Sambo, da aka karanta masa bayanin na farko, cewa ya yi shi dai ya gode da aka shaida yana nan da ƙwarinsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na'ura ba ta san "gwaji nake" ba, abin da ka faɗa mata shi take riƙewa. Yanzu idan zan gwada abu, da farin shafi nake gwadawa, wanda ko ƙuda babu a kansa. Kuma kafin in buɗe baki in ce na gyara, sai na ari wayar mutum uku na duba. Na ukun yawanci Malam Sambo ne. Yakan miƙo min ita a hankali, bai saki ba tukuna, ya ce, "Duba, Injiniya. Amma in za ka saida ni, ka bari a yi albashi."