Fanilar Mu'allim Wada

A duk Jarwal, unguwarmu a Makka, ba a taɓa yin hanci irin na Mu'allim Wada ba. Ba girmansa nake nufi ba, ko da yake nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Hanci ne mai ilimi. In ya ɗaga shi sama ya lumshe ido, mu Hausawan unguwa tsit muke yi. Mu muka sa masa suna Shehun Ƙamshi, kuma ni mai ba ku labarin nan, ni na fara kiransa da shi. Ku riƙe wannan.

Sana'arsa ma'amul, abin gashin nan na mutanen Makka mai dabino a ciki. A tandar aro yake gasawa, ya ɗora faranti a ka ya bi layi. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. A Makka ba ka zama mu'allim sai shehun masu sana'a ya zo da dattawansa sun ɗanɗana aikin hannunka, sun karanta maka Fatiha. In babu Fatihar nan, babu tanda taka, babu rumfa. Shekara goma sha tara Wada yana amsa sunan Mu'allim, amma mu kaɗai muka naɗa shi.

Shekara uku bayan yaƙin Hitila, wani Alhaji Hassan daga tsibirin Kumuru, can gaba da Zanzibar, ya sauka a gidansa lokacin Hajji. Da zai tafi ya bar masa sili bakwai na wani abu baƙi, dogo, mai maiƙo, wai shi fanila. Sau ɗaya ya yi masa bayani, cikin gurguwar Larabci. Mu kuwa mun sha bayanin nan ya fi sau ɗari, kullum bayan La'asar.

"Ya jama'a, ba ku san duniya ba," in ji Wada. "Ita fanila yaɗo take yi ta hau bishiya. Furenta safiya ɗaya tak yake buɗewa. Ko ƙudan zuman can bai san kanta ba, sai mutum ya ɗauki ƙaya ya haɗa furen da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Wata tara tana nuna, kamar ɗan Adam. A tsinke ta ɗanya, ba ƙamshi ko kaɗan. A tsoma a ruwan zafi, a naɗe a bargo ta yi gumi, a shanya, a sake naɗewa, wata da watanni. Amma wanda ya tashi da daddawa, esh darra? Me ya sani?"

Mu da muka tashi da daddawa sai mu gyaɗa kai. Ba wanda ya tuna masa cewa tun da iyayensa suka goyo shi daga Katsina bai wuce Jidda ba. Da muka roƙa mu sansana, ya ce numfashin jahili yana kashe ƙamshi. Na ce ƙwarai kuwa. Har na ƙara da cewa ni daga nan ma ina jiyo ta a aljihunsa, alhali ranar a gida ya baro ta.

Don tsoron baki da ɓarayi, ya tura dukiyar tasa cikin tulun kayan yajin matarsa Rumasa'u, ƙarƙashin kimba. Bai gaya mata ba. Ya ce mana sirrin sana'a ba ya shiga madafa, kuma a madafar ya ajiye shi.

Ya aika wa shehun masu sana'a, aka sa ranar Litinin. Ranar Juma'a ya tara mu, shaidunsa, ya sa aka yi mana farfesun kan rago don bakinmu ya yi laushi. Da aka buɗe kwano sai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya tashi, wanda ba mu taɓa ji ba. Muka ɗanɗana, muka yatsina fuska. Shehun Ƙamshi ya ɗaga hanci, ya lumshe ido, ya yanke hukunci.

"Sabulu ya faɗa tukunya."

Na ce tabbas, har na faɗi irin sabulun. Rumasa'u ta rantse daga bayan labule cewa ba sabulu a kusa, amma wa zai saurari mace alhali hanci ya yi magana? Muka juye wa kyanwoyin layi.

Litinin da safe ina tsaye ya zura hannu a tulu. Abin da ya fito gajere ne, mai ƙulu-ƙulu, kuma ya fi bakwai nesa ba kusa ba. Ya jujjuya shi a tafin hannu, sannan ilimi ya kawo masa ɗauki.

"Ta ƙara nuna. Ita fanila in ta sha iskar Makka tsukewa take yi, ta kuma yi albarka."

Tun ranar da zai tafi Alhaji Hassan ya ce a tsaga sili ɗaya, a kankare 'ya'yan da bakin wuƙa, ya ishi kwaɓi guda. Wada ya ce wannan rowar mutanen tsibiri ce. Ya cika tafin hannu ya zuba a turmi, ya daka da kansa yana atishawa.

Bayan Azahar shehu ya iso da dattawa huɗu. Farantin ma'amul ya fara zagayowa ta wurinmu. Na gatsa. Wani yaji mai ɗaci ya tsaga mini harshe ya fita ta hanci, hawaye ya cika mini ido.

"Masha Allah!" na ce. "Wannan ita ce fanila!"

Na ɗauki na biyu, na ɗauki na uku. Jama'armu kowa yana share hawaye yana yabo. Shehu ya gatsa nasa, ya tauna a hankali, ya nemi ruwa.

"Ya Wada, esh hada? Mene ne wannan?"

"Fanila, ya ammi shehu. Sai harshe ya saba."

Shehu ya ce shekara talatin yana cin fanila a gidajen mutanen Jawa, ba ta taɓa sa shi tari ba. Sai muryar Rumasa'u ta fito daga bayan labule.

"Abu Asiya, wai dogayen nan bakwai na cikin tuluna kake nufi? Ai su na daka muku a farfesun Juma'a. Na ga kimba ce ta yi tsawo, na ce baƙi sun cancanci manya. Wannan da ka daka yau kimbar da na tara wa 'yarmu Asiya ce ta yajin jego."

Shehu ya tambayi abin da ta ce, kuma ni aka sa na juya masa da Larabci, bakina yana raɗaɗi. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa mai jego addu'ar samun lafiya. Fatiha dai ba a karanta ba.

Washegari na hango Wada da faranti a ka, ya ɗan rankwafa, ya bi ta bayan layi don kada ya wuce ta majalisarmu. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina. Har ya rasu Mu'allim muke ce masa, don in mun tuɓe shi sai an tambayi su wa suka naɗa shi.

Ni kuwa sau ɗaya na taɓa cin fanila a duniya. Na ce sabulu ne, na ba kyanwa. Kimbar da uwata ta raine ni da ita kuma, na ci uku a gaban shaidu, na rantse ban taɓa jin irinta ba.