Gwiwar Hindu Ba Ta Ƙarya

"Lahiya lau, ango. Yunwa ta koro ka?"

"Amarya, yunwa ta koro ni gidan da ba a hura wuta? Ɗauko mayahinki, Ƙaura za mu."

Armiya'u ke nan, jikan Hindu, ya jingine mashin ɗinsa a ƙofar gidanta a Ɗan Isa da hantsi, a daminar farko bayan ƙaddamar da Shari'a. Tun da mijinta Malam Gado ya rasu da rani tsohuwar ke zaune ita kaɗai a soron da ya gina mata. Marigayin ne ke hawa duk bazara ya yi wa rufin yaɓe. Bana 'ya'ya suka yi ta gobe-gobe har hadari ya fara haɗuwa, ga azara guda gara ta cinye. Rediyo kuma ta ce ruwa da iska mai ƙarfi na tafe, kwana uku a jere. Shi ya sa uban Armiya'u ya ce kada ya dawo sai da ita.

Duk garin an san gwiwar Hindu. In ta fara ciwo, mai shanya sai ya kwashe.

"Rediyo?" in ji ta, da ya gaya mata abin da aka sanar. "Akwatin da ko taga bai da, ina yag ga hadari? Ni ka hwaɗin ruwa garin ga tun ubanka na tsotson yatsa."

"To mi gwiwa tac ce?"

"Rana ƙwal har Jumma'a."

"Tashi tsaye in gani."

"In tashi ma wa? Mijin da ko ɓarin goro bai zo da shi ba?"

Ya gaya mata an ce shekaranjiya iska ta yaye kwanon gidaje a Birnin Tsaba, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ta ce wanda ke da gemu ke wannan magana, ba mai haɓa sumul kamar ƙwai ba.

"Kuma ba ka ji doka ba? An hana mace hawa mashin ɗin namiji. So kake a yi man bulala da hurhura?"

"Sai in ce matata ce."

"Wa za ya yarda? Yarinya ɗanya awa ni, da miji mai wuya awa na zalɓe?"

"Yarinya mai haƙori ukku."

"Huɗu. Kuma sun isa cizon marar kunya."

"Da tsohuwar zuma aka magani, na yarda. Amma na gamu da Kulsumu maƙwabciyarki bakin rijiya. Ta ce jiya kinka aika ta kwashe shanyar kuɓewa, ta ɗaure awaki cikin zaure. Wai kin ce shekara ashirin gwiwa ba ta yi maki irin wanga ciwo ba."

Hindu ta kau da ido daga kansa. Ta ɗaga kai ta dubi azarar, inda ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan. Tausayinta ya kama Armiya'u har ya ji kunyar kama ta da ƙarya da ya yi.

"Kulsumu bakinta rariya ne," ta ce a hankali. "Ruwan shina zuwa, Armiya'u. Kahin la'asar. Na san soron ga bai ɗaukar shi. Amma kakanka da hannu nai yab bi kowace kusurwa. Dubi can, ga sawun yatsunai. In hita in bar shi shi hwaɗi ba kowa ciki, awa kango?"

Ya durƙusa kusa da tabarmarta. Ya ce akwai tamfol ɗaure a bayan mashin, yanzu zai hau ya rufe soron ya danne da duwatsu, kuma da an ɗauke ruwa shi da kansa zai kwaɓa ƙasa ya yi yaɓen.

"Kai? Hannun da bai san komi ba sai biro da loma?"

"Kya tsaya ƙasa kina zagi, in koya."

"In ya hwaɗi kahin mu komo hwa?"

"In ya hwaɗi, ƙasa ce, mu kwaɓa mu tada. In ya hwaɗo maki, Kaka, da wace ƙasa za mu kwaɓa ki?"

Rabon da ya ce mata Kaka tun yana ɗan firamare. Ta dube shi, sai dariya ta kubce mata, ta sa gefen zane ta goge ido.

"Ɗan nema. Kama ni in tashi."

Ya kama ta. Ta ɗingisa zuwa bayan ƙyaure, ta ciro malafar Malam Gado, wadda ba wanda ya taɓa tun ranar jana'iza, ta karkaɗe ta kifa masa a ka. Ta sauko masa har gira.

"Ta yi maka yawa, amma za ka cika ta wata rana. Hau ka ruhe man ɗakina, ango, gabas ta hwara duhu."