Darbejiyar da Ta Tare wa Mai Girma Fuska

Yau na makara zuwa aiki, kuma a karon farko cikin shekaru ba layin mai ne ya riƙe ni ba. Motar ma'aikata ce ta toshe mana lungu a Sharaɗa tun da sassafe, na rasa ta inda zan fitar da babur. Ban yi fushi ba, jama'a. Kallon da na sha ya fi ladan yinin.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Muna da maƙwabciya, Inna Ladidi, tsohuwar da wainarta ke riƙe da rabin ma'aikatan kamfanin roba kafin su shiga aikin safe. A jikin katangarta akwai darbejiyar da aka dasa a wani gangamin dashen itatuwa, irin wanda ake yi da kiɗa da kyamara. Sauran 'yan'uwanta awaki suka yi kalaci da su, ita kaɗai ta yi taurin kai ta rayu. Ta rayu har ta wuce gona da iri: saiwa ta tsaga bango, gangar jiki ta sunkuyo kan ɗakin da Inna ke kwana. Da hadari ya haɗo sai ka ga tsohuwa ta naɗe tabarma tana neman zauren da za ta raɓa. Wallahi abin yana ba ni tausayi.

Masu saran itace suka zo suka duba, suka ce bishiyar hukuma ce, su kuwa ba su shirya kwana a bayan kanta ba. Sai muka ɗunguma ofis, ni da Ɗayyabu, ɗan ƙanin Inna mai aiki a kamfanin fata na Challawa. Muka tarar da ranka ya daɗe Sarkin Dawo-Gobe yana hutawa daga hutun da ya yi jiya.

Ya ce, "Ai Malam, abin a tsare yake. Saiwa tana ƙarƙashin reshen magudanan ruwa. Gangar jiki ta reshen gandun daji ce. Abin da ya taɓa waya kuwa, wannan sai masu wuta."

Ɗayyabu ya ce, "To yallaɓai, in ta faɗo fa?"

"In ta faɗo ta zama taku. Amma kada ku damu, za mu zo jaje."

A ranar na gane ofishin nan ya fi darbejiyar rassa.

Ana nan sai aka kafa wani makeken allo a bakin titi, ɗauke da hoton Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu, yana murmushi har kunne. Ashe ganyen darbejiya ya tare masa rabin fuska. Kafin gari ya waye sau biyu, ga ma'aikata da injin yanka. Muka fara hamdala. Suka datse rassan ɓangaren titi tas, murmushi ya fito fes, suka kaɗe riga suka tafi. Gyaran gangar auzinawa ke nan: nauyin da ke riƙe da bishiyar ta wancan gefe ya tafi, ta ƙara kwantowa kan ɗakin.

Ni da Ɗayyabu muka zauna muna ta zage-zage ƙasa-ƙasa. Washegari da yaran siyasar unguwa suka zo cin waina, Inna ta ƙara musu miya, ta ce, "'Ya'yan nan, ni fa ina ƙaunar bawan Allahn nan. Ga rufin ɗakina kyauta, ku kafa wani hoton nasa a kai, masu wucewa su riƙa samun albarka."

Kafin la'asar Mai Girma ya hau rufi, daidai ƙarƙashin gangar bishiyar. Sai Ɗayyabu ya ja shugaban yaran gefe, ya ce, "Ni dai tsorona damina. Ka ga ranar da iska za ta kifar da ita a kan fuskar oga, ga yaran zamani da wayoyi. Kafin azahar duniya ta ji cewa Mai Girma ya faɗi tun ba a yi zaɓe ba."

Mutumin ya ce sai a sauke hoton. Ɗayyabu ya ce, "Madalla. Kai za a ce ka sauke shi?"

Abin da na wayi gari da shi ke nan: ma'aikata sun zo sare bishiyar. Ashe sun iya! Aka kori yara nesa, aka kashe wutar layin, wadda dama ba ta nan. Wani ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau can ƙololuwa, domin daga sama ake farawa. Kowane reshe sai an ɗaure shi kafin a yanka, a zuro shi ƙasa a hankali kamar tiren ƙwai. Gangar ma gunduwa-gunduwa aka sauke ta. An lulluɓe hoton da katifa. Sarkin Dawo-Gobe da kansa yana tsaye, gumi har cikin takalmi, yana ihu: "A hankali! Kada ganye ya taɓa hular!" Saiwa da ganga da rassa duk suka koma ƙarƙashin reshe guda, ba wanda ya ce a dawo gobe. Albarkacin kaza, ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Da aka gama, Inna ta leƙa ɗakinta, ta daɗe a tsaye tana kallon rufin, sannan ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce yau ko ruwa zai kwana yana zuba, a kan gadonta za ta kwana.

Na ce, "To Inna, ke nan ƙuri'arki ta Mai Girma ce?"

Ta ce, "Hoton dai zan zaɓa, ɗan nan. Shi ya yi mini aiki."

Ni ma na roƙi yaran siyasar su taimaka mini da ƙaramin hoto guda. Akwai wani rami a hanyarmu ta zuwa aiki da ya ci mini taya har na daina ƙirga, ina so in ga ko Mai Girma zai yarda ya kwana a ciki.