Ranar da Na Ce Babu Irinsu a Kano

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a wani aji a birnin Guangzhou na ƙasar Sin na yi magana da yawun Hausawan duniya ba, alhali babu wanda ya aike ni.

Shekarata ta biyu ke nan ina karatun shirya fim. Hausawa biyu ne a ajin: ni ɗan Kano, sai Ramatu 'yar Maraɗi, wadda ba ta cika magana ba (ni nake yi mana ta mu biyun). Malamarmu ta ce kowa ya ɗauko tsohon labarin garinsu ya sabunta shi a gajeren fim. Abokina Lin, wanda yake fassara mini duk abin da malama ta faɗa da sauri, ya ɗauko labarin wani masunci da ke jiran masoyiyarsa a bakin kogi. A nasa fim ɗin, wanda ake jira namiji ne. Kwana uku Lin bai ci abincin kirki ba, ya ce mini ko iyayensa bai nuna wa ba. Ni da kaifin basirata na ɗauka tsoron faɗuwa yake yi.

Ranar nuni aka kunna fim ɗin Lin a aji har ya ƙare. Malama ta juyo wajenmu baƙi, ta tambaya ko a labarai da finafinan ƙasashenmu ana ganin irin waɗannan mutane. Kafin ta rufe baki na miƙe.

"Meiyou!" na ce, wato babu, da irin muryar da masu shagunan unguwar Dengfeng suke korar mai neman abin da ba su da shi. Na ce babu a tatsuniya, babu a fim, babu a titi. A Kano namiji namiji ne, mace mace ce, ko mai kwaikwayon mata ban taɓa gani ba. Na hango Lin ya sunkuyar da kai yana naɗe wayar kwamfutarsa. Na gani sarai, amma bakina ya riga ya ɗauki zafi.

"Bari ma in nuna muku al'adarmu tsantsa," na ce, na jona wayata da majigi na kunna bidiyon bikin yayata (bidiyon da ban taɓa kallo har ƙarshe ba, ni da nake karatun fim).

Ga tsakar gidanmu, ga mata cikin anko, ga manyan tukwane a kan murhu. Ina bayani ina baza hannu. Sai mai ɗaukar hoton ya karkata wajen girki ya tsaya cak a kan wani mutum: zani ɗaure a ƙirji, ɗankwali a ka, lalle har wuyan hannu, gemu kuma cif. Yana riƙe da muciya yana rangwaɗa. Can sai ga mahaifiyata ta shigo hoton, suka tafa, suna ta ƙyaƙyata dariya.

Malama ta gyara tabarau. "Wace ce wannan gwaggon mai gemu?"

Ramatu ta ɗago ta ce da Hausa, a hankali, "Malam wakili, ga tambaya fa."

Na kai hannu in kashe, sai na danna wajen ƙara sauti, guɗar mutumin ta cika ajin. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ramatu ta miƙe, da Sinancinta da ya fi nawa, ta ce 'yan daudu ake ce musu, maza ne masu magana da aiki irin na mata, suna girkin biki suna sayar da abinci a tasha, har Maraɗi akwai su. Ta ƙara da cewa a ci abincinsu a ƙoshi, a fito a zage su. Na ce, "Ai shi wannan girki kawai yake yi." Ko wanda ya kalle ni babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya na yi niyyar yi ba. Mutumin nan tun ina yaro nake ganinsa a kowane taron gidanmu. Na gan shi har na daina ganinsa.

Da aka tashi Lin bai jira ni ba kamar kullum. Nan na gane abin da na yi: mutum ya buɗe sirrinsa a gaban jama'a, babban abokinsa ya miƙe ya ce irinsa babu. Na same shi a shagon taliyar Musulmi da muke zuwa. Na ce masa addinina yana nan inda yake, amma abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, ya yafe mini. Ya daɗe yana juya taliya, sannan ya ce, "Yaya sunansa?"

Ban sani ba. Shekara ashirin da biyar ina cin girkinsa. A take na kira gida.

"Umma, wai mutumin nan da ya yi girkin bikin Yaya, yaya sunansa?"

"Lami? Lawan ne sunansa na yanka. Kai yanzu sai ka tambaya? Shi fa ya tuƙa tuwon sunanka."

Na fassara wa Lin. Ya yi dariya har da hawaye, ya turo mini kwanonsa. Har yau ba na jin kunyar miƙewa a aji, amma kafin in rantse wa duniya cewa babu wani abu a Kano, sai na fara kiran Umma.