Rumfar Yaya Bukar

Bayan sadakar arba'in ɗin yayana Bukar, saƙo ya iske ni a Gashuwa cewa mai fili a Nguru zai rushe rumfar kwanon da marigayi yake gyaran rediyo a ciki, in ba a ɗauke ta ba. Hankalina ya tashi, domin ita kaɗai ya bari. Na ƙudurta kafa ta a gidana, in riƙa aikin kafinta a ciki.

Matar marigayin ta ce, "Ka tafi da wanda ya san wurin."

Na ce, "Haba Yaya Falmata, rumfar ɗan'uwana zan kasa ganewa?"

Ranar Lahadi na isa, layin ba kowa. Na ga wata koriya, zuciyata ta ce ita ce. Ni da direba muka kwance ta muka loda a mota. Duk hanya ina dafe da kwanon ina hawaye.

Washegari ina buga ƙusa sai ga wani Ibo mai gyaran agogo, ya jiƙe da gumi.

Ya ce, "Malam, na je coci na dawo, an ce shagona ya tafi Gashuwa. Ta Bukar ita ce shuɗiya."

Ni na mayar, na kafa masa, 'yan layin suna kallo. Har yau in na shiga sai su ce, "Kowa ya riƙe rumfarsa, ga na Gashuwa."

Mai fili ya ɗaga mini ƙafa, amma har yanzu ban ɗauko ta Yaya ba.