Koren Kunne da 'Yan Badujalar Garinmu

Ranar Talatar nan, ina tsugune a ƙofar sabon Gidan Matasa ina kwance igiyar takalmina, sai na lura an goge kunnen. Har 'yar tuta aka soka masa a gefe.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba, kunne ne na roba, faɗinsa kamar faranti, an maƙala shi a bangon zaure sama da agogo, da fitila a cikinsa. In ana shiru, kore ne. In murya ta ɗan tashi, ya koma ruwan ɗorawa. In ta wuce haka, ja. Na taɓa ganin wani yaro ya yi atishawa, kunnen ya canza launi, yaron ya dubi bango ya ce, "Yi haƙuri."

Abin da ke kai ni can shi ne Ylva, 'yar yayana, mai shekara goma sha uku, wadda ke busa ƙaho a ƙungiyar badujala ta ƙaramar sakandarenmu. Kun san ni, masu karatu, da ina iya magana da baki da ban dame ku da rubutu ba. Ylva ni ta gado. Sai ta yini a gida ba a ji muryarta ba. Amma da, in ta ɗora ƙahon nan a baki, har masu gyaran raga a bakin gaɓa sun san an tashi daga makaranta.

Tun ina ɗaliba, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na makaranta badujala ke atisaye. Ɗaki ne mai warin jiƙaƙƙiyar safa, da bututun ruwan zafi da ke ƙwanƙwasa kansa ba a kan kiɗa ba. Amfaninsa ɗaya ne: ko ganga ta fashe a ciki, ba wanda zai ji. Mai koyar da su Eilif ne, tsohon makanikin jirgin fito, wanda ya koyar da iyayensu kafin su, kuma ba a taɓa jin ya nemi komai ba sai mabuɗin ɗakin.

Sai manyanmu na gari suka tuna da matasa. Ni dai duk lokacin da na ji manya sun tuna da wani, nakan tausaya masa. Aka tura tawaga wata ƙasa mai rana, a tsakiyar hunturu, ta gano yadda yaran can ke cin yammacinsu bayan makaranta. Tawaga ta dawo da hancin da rana ta ƙona, da kuma shawara: a tara duk ƙungiyoyin yara a gida ɗaya. Aka gina shi da gilashi da katako mai ƙamshi, bango ɗaya da gidan kula da tsofaffi, wai don manya da yara su shaƙu. Bayan an gama, wani mai zurfin tunani ya gano cewa tsofaffi na bukatar hutu. Daga nan kunne ya samo asali. Ƙungiyar da ta sa shi ya yi ja sau uku, ta rasa lokacinta na mako.

Ɗakin ƙasa kuwa aka kulle shi. Kujerun da aka saya don bikin buɗe Gidan Matasa ne a ciki yanzu. Kujeru ne masu kyau ƙwarai, bai dace a zauna a kansu ba.

Gaskiya wasu ƙungiyoyin sun ci gaba. 'Yan dara ba su taɓa jin daɗi irin na bana ba. 'Yan saƙa ma haka. 'Yan wasan kwaikwayo sun koma wasan bebaye, 'yan muhawara suna musu da raɗa. Shugabar gidan, wadda don girmamawa nake kira Uwar Natsuwa, ta ƙirƙiro sabuwar ƙungiya ta koyon numfashi, kuma an ce yaran suna ƙoƙari.

Su kuwa 'yan badujala, tun kaka suke atisaye ba sauti. Eilif ya ɗaga 'yar sandarsa, yara su ɗora ƙaho da sarewa a baki, yatsu na tafiya a kan maɓallai, ba wanda ke hurawa. Mai babbar ganga filo yake duka. Wata rana na ga Eilif ya tsayar da su ya nuna wani yaro.

"Sindre, ka yi kuskure."

"Ya aka yi ka sani?"

"Fuskarka ce ta nuna."

A mota, a hanyar gida, Ylva ta ce, "Anti Runa, kina ganin har yanzu na iya?"

Na ce a gida fa, ba ta gwadawa?

"Jaririn bene na sama yana barci. In ya tashi, na ƙasa ya kwanta."

Eilif ya faɗi tasa sau ɗaya, kuma shi ba ya maimaita magana. Ya ce ba zai fitar da yara kan titi ranar sha bakwai ga Mayu ba alhali bai ji su tare ba tun kaka. Ko a mayar masa da mabuɗin ɗakin ƙasa, ko a nemi wani. Ba sai na gaya muku abin da wannan ke nufi ba. Ranar Ƙasa, kowa ya ci ado, yara riƙe da tutoci, sannan a ce babu badujala a gaba? Sai dai mu aro ta garin da ke ƙetaren ruwa, su kuma har jikokinsu sai sun riƙa tuna mana.

Maƙwabciyata Solfrid ta tare ni muna kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida. Shekararmu uku muna gaisawa da kai kawai, saboda haka da na ga ta jingina shebur ɗinta na san abin ya kai.

"Runa, kin ga wulaƙancin da ake yi wa yaran nan?"

"Na gani."

"Abin kunya! Uwata tana gidan tsofaffin nan, bango ɗaya da su. Tun bara ta cire na'urar jinta don ta huta da surutun matar ɗakin kusa. Ko jirgin fito ya shigo mata ɗaki ba za ta juya ba."

"An tambaye su kuwa ko kiɗan zai dame su?"

"An kafa kwamitin da zai duba hanyar da ta dace a tambaye su." Ta buga shebur a ƙasa. "Ku 'yan jami'a ba ku da baki. Bari ranar taron iyaye ta zo, ki ga yadda ake magana."

Ranar taro ta zo. Solfrid ta kawo waina mai zafi da cuku mai ruwan ƙasa. Muka jeru da safa, kowa da kofin gahawarsa. Uwar Natsuwa ta yi bayani da murya mai laushi, ta nuna mana hotunan yara suna murmushi, waɗanda ba yaran garinmu ba ne. Sannan ta ce, "Akwai mai magana?"

Kowa ya dubi safarsa. Can mahaifin Sindre, ƙato mai tuƙa motar katako, ya gyara murya ya ce, "To… ba laifi."

Duk wanda aka haifa a garin nan ya san in mutum ya ja "to" ɗinsa haka, ransa ya gama ɓaci, saura kaɗan ya fasa tebur. Uwar Natsuwa ma a nan aka haife ta. Ta gode masa da goyon baya. Solfrid ta miƙe tsaye, ta tambaya ko akwai mai son ƙarin waina. Ni ma na ɗaga hannu, da jawabin da na shirya tun daga gida. Idanu suka juyo kaina. Na ce gahawar ta yi daɗi.

A wurin ajiye motoci kuwa, an yi juyin juya hali. An tsige mutum uku, an rushe gini, an jefa kunne a teku. Duk a baki ne, cikin raɗa, don tagogin tsofaffi na kallon wurin.

Da Eilif ya ga iyaye ba za su yi ba, sai ya yi nasa shirin. An sanar cewa babban mutumin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a taɓa ɗaura zare a ƙofa ya kwana bai yanka ba, zai zo ranar Talata ya buɗe sabon wurin rataye riguna na Gidan Matasa, kuma yana son badujala. Eilif ya ce da yaran za su yi masa kiɗa daidai yadda suka yi atisaye. Na tambaye shi a ƙofa ko yana ganin zai yi aiki.

"Mutum ne," in ji shi. "Kunnuwa biyu gare shi. Zai tambayi dalili, ni kuma in ce mabuɗi."

Wannan ce Talatar da na ga an goge kunne.

Mai Girma ya iso da takalminsa na cikin gida a jaka, sabo fil. Mu talakawa muna safa. Ya yanka zare, ya hau jawabi a kan matasa, waɗanda ya ce muryarsu ita ce abin da ya fi so ya ji a duniya. Muryarsa shi kam tana da ƙarfi, Allah ya ƙara masa lafiya. Kunne ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ja. Uwar Natsuwa ta sulale ta bayan labule ta zare wayar kunnen daga bango. Da ya gama, ta mayar. Kowa ya gani. Kowa ya dubi safarsa.

Sai Eilif ya ɗaga sanda.

Yara suka ɗora kayan busa a baki. Yatsu suka fara tafiya. Filo ya sha duka. Taken maci ne da kowa a zauren ya sani tun yana goye, ana ganinsa a kafaɗun yaran, ana ganinsa a sandar Eilif, ba a jin komai sai numfashin na'urar ɗumama ɗaki. Da aka zo wurin da ƙaho ke fita shi kaɗai, Ylva ta miƙe tsaye. Ta rufe ido, ta ɗaga bakin ƙahon sama yadda ya koya mata, yatsunta ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Na san haka domin ina bin waƙar a raina. Ta zauna, kunnuwanta sun yi ja. Su kaɗai ne suka yi ja a ɗakin.

Ina jiran wani ya tambaya. Eilif ma jira yake, ya ma ɗan juya gefe don Mai Girma ya ga fuskarsa. Amma wa zai fara? Wanda ya ce bai ji komai ba, ya nuna kenan shi ne bai gane ba, kuma ya kunyata yara a gaban baƙo. Mahaifin Sindre har yana kaɗa ƙafa.

Sanda ta sauka. Solfrid ta fara tafi, a hankali, da yatsu biyu, idonta a kan bango. Muka bi ta.

Mai Girma ya miƙe, idonsa ya ciko. Ya ce irin wannan sai a Oslo, babban birnin ƙasa, ya taɓa gani, can ma bai kai wannan tsabta ba. Ya ce ga hujja nan cewa in an ba yara wuri mai kyau, sukan yi abin da ba a zata ba. Ya ce ya ji raɗe-raɗin wai wasu na kewar wani tsohon ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, amma yau an rufe wannan magana, kujeru za su ci gaba da zamansu lafiya. Ya ce daga yau badujala ita ce abar koyi ga sauran ƙungiyoyi, kuma yana fatan ranar sha bakwai ga Mayu za su yi wa gari irin wannan, don tsofaffi ma su fito ba fargaba.

Ku yi masa adalci, masu karatu. Ba kowane shugaba ne zai saurari abin da babu shi tun daga farko har ƙarshe, ya kuma fahimce shi ba.

Sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Eilif, abokina, ka ce mana wani abu mana."

Eilif ya dube shi. Ya dube mu, layi-layi, mu da safarmu. Ya taka zuwa wurin Ylva ya ajiye 'yar sandar a kan cinyarta. Ya wuce ta gaban sabon wurin rataye riguna, ya ɗauki tasa a ƙasa inda ya saba yar da ita. Ya zauna a bakin ƙofa ya ɗaure takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya fita, ya ja ƙofar da hannu biyu.

Na ɗaga kai na dubi bango. Kore shar.